Kurakuran da Masu Fara Amfani da Kwamfuta Suka Fi Yi Kan Kalmomin da Ke Allo

Yawancin asarar da nake gani a shagona na buga takardu da ke Ringim tana farawa ne daga kalma ɗaya da mutum ya gani a allo, ya yi mata fassarar da ransa ya ba shi, sannan ya danna. Malaman makaranta da ɗalibai daga ƙauyukan da ke kewaye da mu sun ƙaru sosai tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma kurakuran da suke yi iri ɗaya ne, har na gaji da yin bayani ɗaya bayan ɗaya a bakin tebur.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne fomat, wato share duk abin da ke cikin ma'ajiyar fayiloli. Wani shugaban makarantar firamare ya taɓa kawo filash ɗinsa mai ɗauke da sakamakon jarrabawar zango da sunayen ɗalibansa duka, a daidai lokacin da na fita sallar La'asar. Yaron da nake koya wa aiki ya saka filash ɗin, bai ga fayil ko ɗaya ba sai wasu alamomi masu 'yar kibiya a gefe, sai ya ce, "Malam, bairos ne ya shiga, bari in wanke maka shi." Ya danna Format da zaton wanki ne, kuma don ya gwada ko filash ɗin ya gyaru, ya ɗora wasu takardu a kai. Da na dawo, aikin gama ya gama. Tunda a shagona abin ya faru, ni na ɗauki nauyin sake buga komai daga rajistar hannu, da man janareta daga aljihuna, kuma har yau bawan Allahn nan yana ɗari-ɗari da kawo mini aiki. Ban ga laifinsa ba.

Abin takaicin shi ne fayilolin nan suna nan lafiya lau kafin a taɓa su. Irin wannan bairos ɗin ba ya cinye komai, ɓoye fayiloli yake yi ya ajiye shotkot, wato alamomin nan masu 'yar kibiya, a madadinsu. Fomat kuwa rushe tsarin ajiyar filash yake yi gaba ɗaya ya mayar da shi tamkar ba a taɓa rubuta komai a ciki ba. Ni dai abin da nake yi shi ne in buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, in rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* inda E take matsayin harafin da kwamfuta ta ba filash ɗin, sai fayilolin su bayyana, in kwashe su zuwa kwamfuta, in bincike su da manhajar kashe bairos, sannan in yi fomat idan akwai buƙata. Idan kuma an riga an yi Quick Format, wato fomat na gaggawa, a cire hannu nan take, kada a ɗora ko hoto ɗaya, domin manhaja irin Recuva tana iya dawo da abin da ba a rubuta sabo a kansa ba. Ɗora sababbin takardun nan da yaron ya yi shi ne ya toshe mana wannan hanyar. Haka nan abin da aka goge daga filash ba ya zuwa Recycle Bin, wato kwandon da kwamfuta ke tara abin da aka goge, don haka kada kowa ya goge da nufin zai dawo da shi daga can.

Ita kanta shotkot tana da nata ɓarnar ko babu bairos. Ɗalibi zai kwafi alamar da ke fuskar allo zuwa filash, ya biya kuɗin mota har Dutse don ya buga kundin bincikensa, a can a ce masa babu komai a ciki. Shotkot nuni ce kawai zuwa inda fayil yake zaune, nauyinta bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Wallahi sakaci ne mutum ya shafe watanni yana rubutu, amma ya kasa ba da minti ɗaya ya duba Properties, inda ake nuna bayanan fayil, ya ga nauyin abin da ya kwafa. Dokata a shago ita ce ba a miƙa wa kowa filash sai an buɗe fayil ɗin daga cikinsa a wata kwamfutar daban.

Kuskure na biyu da ke cin kuɗin mutane shi ne kalmar memori, wadda ake jibga wa abubuwa biyu da ba su da alaƙa a wajen aiki. Had-dis shi ne rumbu, inda hatsi ke zama ko da shekara ta zagayo, Ram kuwa tabarmar shanya ce, abin da ake aiki a kansa yanzu kaɗai ke bisanta, kuma da an ɗauke wuta ana naɗe ta da duk abin da ke kai. Shi ya sa wanda ya yi awa biyu yana rubutu bai adana ba, janareta ya mutu, ba ya samun aikinsa cikakke. Yatsuna sun saba danna Ctrl da S a ƙarshen kowane sakin layi, kuma ba na yarda wani ya zauna a kan kwamfutata sai ya koyi wannan. Wasu na cewa Word tana adanawa da kanta lokaci-lokaci. Gaskiya ne tana yi, amma ni ban taɓa jingina aikin mutane da wannan ba.

A wajen saye ma wannan ruɗanin ne ke cutar da mutanenmu. Mutum zai je birni sayen kwamfuta ta hannu, a ce masa memorinta gigabait 500 ne, ya dawo yana murna, alhali had-dis ake nufi, Ram ɗin kuwa gigabait 2 ne, na'urar tana jan ƙafa ko Chrome ta buɗe. A tambayi kowanne daban. Windows 11 tana buƙatar aƙalla Ram gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64, kuma kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka wanda zai saya yanzu ya san da wannan. Goge hotuna ba ya ƙara Ram, ko da an share rabin abin da ke cikin na'urar.

Sai batun sabis da data da Wi-Fi, waɗanda mutane ke kira intanet a dunƙule. Wi-Fi hanya ce tsakanin kwamfuta da waya ko rauta (na'urar rarraba intanet), tana iya cika taf alhali data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, don haka cikarta ba shaida ba ce cewa akwai intanet. Mai jona kwamfuta da wayarsa ya kunna Metered connection, wato saitin taƙaita cin data, in ba haka ba Windows za ta fara sauke sababbin gyare-gyarenta ta lashe datar wata guda kafin ya buɗe shafin da ya zo nema. Saukewa ɗauko abu ne daga intanet, ɗorawa kuwa aika shi can, dukansu suna cin data.

Google ba shi ne burauza ba. Chrome da Firefox da Edge su ne burauza, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, Google kuwa shafin bincike ne da ake buɗewa a cikinsu. Wannan bambancin yana da muhimmanci domin wanda ya rubuta sunan hukuma a akwatin bincike ya danna abin da ya fara fitowa, yana iya faɗawa shafin 'yan damfara. Adireshin yawancin hukumomin gwamnatin Nijeriya yana ƙarewa da gov.ng, kamar jamb.gov.ng, kuma ni da hannuna nake rubuta shi a layin adireshi da ke can sama.

Ga ɗalibai kuma, adireshin imel mai alamar @ abin bayarwa ne, kalmar sirri kuwa ba a ba kowa, har da mu masu shago. Ina jin haushi idan yaro ya zo neman takardar samun gurbin karatu ya ce, "Malam, wanda ya buɗe mini imel shi ya san lambar." Ka zaɓi kalmarka da kanka, ka sa lambar wayarka a matsayin hanyar dawo da asusu, ka rubuta su a littafi ka ajiye a gida. Lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya da ke shigowa waya, da BVN mai lamba 11, ba a karanta wa wanda ya kira ya ce daga banki yake.

Rufe murfin kwamfuta Sleep ne, wato barci ba kashewa ba, batir yana ci gaba da raguwa a hankali, don haka mai doguwar tafiya ya danna Shut down. Filash kuma a danna Eject kafin a zare shi, musamman idan yanzu aka gama kwafar abu a ciki.