In an gayyace ka cocin Katolika: abin da za ka yi lokacin rabon gurasa

Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi, kuma Musulmi. Maƙwabciyata 'yar Katolika ce. Shekarar da ɗiyarta za ta fara karɓar abin da suke kira Jikin Almasihu, ni na ɗinka wa yarinyar farar riga, uwar kuma ta ce sai na zo na ga rigar a jikinta. Na je babban cocinsu, Notre-Dame de Lourdes, inda kujerar bishop take tun da Maradi ta samu nata yankin coci mai bishop na kansa a 2001. Na tafka kuskure a can, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ka je da wuri, ka zauna baya-baya, ka kashe waya. Ba a cire takalmi, amma maza kan tuɓe hula. In sun tashi ka tashi, in sun zauna ka zauna. In sun durƙusa kuwa, kai zauna abinka, ba mai harararka. Kwandon baiko zai wuce. Ko dala ashirin ka jefa, ko ka miƙa shi gaba, duk ɗaya.

Wurin da ake so ka natsu shi ne lokacin da fada, wato limamin cocin, ya ɗaga wata 'yar farar gurasa, sirirya, mai faɗin kwabo, ya maimaita maganar da suka ce Yesu ya yi a jibinsa na ƙarshe: "Wannan jikina ne." Sai ya ɗaga ƙoƙon ruwan inabi. Cocin kan yi tsit, ko tari ba ka ji. Daga nan mutane su yi layi.

Kada ka shiga layin nan. Ni na shiga. Na ɗauka irin rabon sadaka ne da ake yi bayan addu'a, ƙin karɓa kuma rashin ladabi ne. Sai na ji an ja hannun rigata, maƙwabciyar ce: "Malam, koma ka zauna, wannan ba na baƙi ba ne." Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Daga baya ta warware mini. A wurin 'yan Katolika gurasar nan ba alama ba ce, ba kuma tuni kawai ba. Sun gaskata cewa bayan addu'ar fada, launi da ɗanɗano na nan na alkama, amma ainihin abin ya koma jikin Yesu. Majalisarsu ta Tarento, a ƙasar Italiya, ta zartar da haka a 1551. Shi ya sa mai karɓa kan bar ci awa ɗaya kafin lokacin, wanda ke ɗauke da babban zunubi kuma sai ya fara zuwa wurin fada ya yi ikirari. Fada ya ce "Jikin Almasihu," mai karɓa ya amsa "Amin," wato ya shaida. To ni da ban gaskata ba, Amin ɗin me zan ce? Abin da ya rage ma ba a zubarwa, ana kulle shi a wani ɗan akwati, fitila na ci kusa da shi dare da rana.

Kada kuma ka haɗa su da sauran Kiristocin gari. Yawancin 'yan bishara, irin na EERN, wato Cocin 'Yan Bishara na Jamhuriyar Nijar, suna yin jibin ne domin tunawa, gurasa na nan gurasarta. Ko su in sun zo nan, zama suke yi kamar kai.

In tambaya na cinka, riƙe ta sai an fito, ka yi ta a tsanake. Kalmar biskit dai kada ta fito bakinka ko da wasa. Wani yaron shagona ya taɓa faɗin haka a gaban matar nan. Ba ta tanka ba, amma ta yi wata guda tana aiko ɗanta karɓar ɗinki.

Bayan an tashi akwai shinkafa da lemu a gidan masu bikin. Wannan kam naka ne, ci ka ƙoshi.