Yadda na gyara tsohuwar na'urar zuƙe ƙura

Cikin na'urorin zuƙe ƙura da nake tarawa akwai wata tsohuwa mai jakar yadi, ita na fi ji da ita. Kwanaki ta daina ɗaukar datti, sai ƙara da warin ƙonewar roba. Na ɗauka injin ne ya mutu, hankalina ya tashi. Ashe bel ɗin da ke juya burushi ne ya saki, gashi da zare kuma sun nannaɗe sandar tam.

Na zare filogi, na kwance farantin ƙasa, na yanke zaren da almakashi, na sa sabon bel. Jakar ma na kakkaɓe ta sosai, domin idan ƙura ta toshe yadin iska ba ta wucewa. Yanzu a kan kafet ta fi sabuwata mai batir ja, sai dai nauyi.