Kafin ku kai manhaja aji, ku kashe data tukuna

Malamai 'yan'uwa, ga wata 'yar dabara.

Duk manhajar karatun da aka yaba muku, ku sauke ta a wayar da ta fi kowace rauni a gidanku, irin tsohuwar Itel ɗin nan mai fasasshen gilashi. Ku danna alamar jirgin sama, data ta yanke. Sai ku miƙa wa yaro ɗan aji uku, ku kame bakinku minti goma.

Kada ku nuna masa komai. Wannan shi ya fi wuya, hannu zai yi ta ƙaiƙayi.

In manhajar ta tsaya tana juya da'ira, ku goge ta. Ajinku ba shi da wifi, kuma irin wannan wayar ce a hannun yawancin iyaye. In yaron ya dawo sau uku yana tambayar inda zai danna, ku lissafa yara sittin suna yi muku haka lokaci guda.

Ni sai da na sa iyaye suka sauke wata ta lissafi, ashe darasi biyu ne kawai kyauta. Na sha kunya ranar taron iyaye.

Amma fa gwajin yana ɓoye talla, domin sai da intanet take fitowa. Don haka ku kunna data daga baya, ku duba da idonku; wani lokaci har tallar caca ake jefowa.

Kuma irin su Kahoot, manhajar gasar tambayoyi a aji, dama da intanet aka gina su, kada ku yanke musu hukunci da wannan.