Yadda ake ƙirƙiro al'ummar matattu masu hankali a labarin ƙage

Matasa da yawa a nan Maradi sun shiga rubuta labaran duniyar ƙage a waya, ana turawa babi-babi a gurup na WhatsApp, kuma wallahi abin yana min daɗi. Amma masu saka matattu da ke tashi a labarinsu kusan duk wuri ɗaya suke faɗuwa. Babi na ɗaya kushewa ta tsage, babi na biyu gawa ta biyo mutane tana gurnani, babi na uku jarumi ya sare mata kai, daga nan marubuci ya rasa abin faɗi, labari ya mace a gurup ba wanda ya tambayi ci gaba. Gawa mai gurnani dabba ce kawai, ba abin da take so ban da cizo, shi ya sa ba ta ɗaukar labari mai nisa. Abin da za mu gina a nan al'umma ce ta waɗanda suka mutu suka dawo da hankalinsu cif, suna tuna sunan ɗiyansu, suna ciniki, suna jin kunya, suna da sarki da alƙali.

Abu na farko, ka fitar da labarin daga duniyarmu. Kada ka kuskura ka ce a maƙabartar unguwarku aka tashi, ko ka saka mamaci musulmi da aka yi wa sallah ya dawo yana ba da labarin abin da ya gani a kabari. Mu musulmi ne, mun san wanda ya tahi barzahu ba ya komowa, mai karatu zai bar labarin ya kama gardama da kai kuma shi ke da gaskiya. Ƙirƙiri ƙasarka da sunanta da gulbinta da al'adunta, mutanenta su zama na wani zamani can da bai taɓa faruwa ba. Sannan ka hana matattunka sanin komai game da lahira. Nawa in an tambaye su me suka gani, cewa suke ba su kai ko'ina ba, a bakin hanya aka tsaida su. Wanga doka ɗaya ta raba ni da rigima mai yawa.

Na biyu, wa ke tashi kuma don mi. In kowa yana tashi to mutuwa ta rasa nauyi, ba wanda zai yi kuka a labarinka. Zaɓi sharaɗi ɗaya mai tsauri ka riƙe shi har ƙarshe. Zombi da kuke gani a fim asalinshi daga Haiti ne, can an yi imani boka ke tada shi ya yi mishi bauta ba shi da ra'ayin kanshi, masu shan jini kuma daga tatsuniyoyin gabashin Turai suka fito. Duka biyun ka bar wa masu su. Muna da namu kayan: kurwa da ake cewa maye na kamawa, ɗan wabi da ake cewa yana tahiya yana komowa, fatalwa. Ɗauki tunanin ka sarrafa shi ya zama sabo. Misalin da zan yi ta amfani da shi a nan su ne Saurawa, ɗaya Basaure, mutanen da mutuwa ta riska da amanar wani a hannunsu ba su isar ba. Fatake ne galibi da ƴan aike da masu riƙon dukiyar marayu. Basaure yana tashi a daren bakwai, kuma ranar da ya isar da amanar nan zai faɗi, faɗuwar da ba tashi. Dubi abin da wanga sharaɗi ya ba ka kyauta: kowane ɗayansu yana ɗauke da abin da zai kashe shi a aljihu, kuma galibi Basauren da ya daɗe a duniya ya danne haƙƙin wani ne. Tsofaffinsu masu daraja su ne mafi cin amana. Daga nan kaɗai za ka iya fidda littafi guda.

Na uku jiki. Nan ma ana sakaci. Mu da muka san zafin watan Afrilu a Maradi lokacin da ake wuce digiri 40, mun san abin da ya sa ba a jinkirta jana'iza. To me ya hana jikin mataccenka ruɓewa? Sai ka amsa. Misirawan zamanin da, da kanwa suke busar da gawa, aikin gaba ɗaya yana ɗaukar kwana 70, kuma ga gawarwakin nan har yau a gidajen tarihi. Kanwa kuma abu ne da kowa ya sani a gidansu, ana kawo ta daga ƙasar Manga da yankin tafkin Cadi. Sai na sa Saurawa suna kwana cikin ramin kanwa, jikinsu ya bushe ya yi duhu kamar fatar da majemi ya gama da ita, ba sa ci ba sa sha, muryarsu ƙasa-ƙasa saboda sai sun ja iska da gangan kafin su yi magana. Damina ce abokiyar gabarsu, daga saukar ruwan fari har kaka suna kulle a ɗaka, hunturu kuma shi ne lokacin fitarsu da fataucinsu. Ka ga yanzu kana da kalanda, kana da kasuwa, kana da siyasa, domin duk sarkin da ya tare hanyar kanwa ya riƙe wuyansu ba sai ya zare takobi ba. Kada ka ba su ƙarfin mutum goma da tashi sama da ɓacewa. Baiwa ɗaya ta isa, nawa ba sa gajiya ba sa jin ƙishirwa, saboda haka su ne ke ratsa hamada inda ayari mai rai ba ya iyawa. Rauni kuma ba ya warkewa a jikinsu, sai dai baduku ya ɗinke.

To yanzu ga inda nake son ku zauna da kyau, domin nan ne kowa ke tsallakewa, kuma nan ne labarin yake. Mutum ya mutu, an bizne shi, an yi zaman makoki, an yi sadakar uku, a daren bakwai ya ƙwanƙwasa ƙofar gidanshi da hankalinshi. Me zai faru da safe?

Ɗauki kaye da bik, kada ka yi wanga aiki a waya, wuta na ɗaukewa caji ya ƙare ko yaro ya goge maka, kaye kuma ko kuɗin forfen intanet na kwana ɗaya bai kai ba. Rubuta sunan mutum ɗaya a sama, ka jera duk wanda mutuwarshi ta taɓa, ka bi su ɗaya-ɗaya kana tambaya.

Matarshi tukuna. A wurinmu takaba wata huɗu ce da kwana goma. A duniyarka kwana nawa ne, kuma in ya dawo a tsakiyar takabar auren yana nan ko ya warware? In yana nan, yarinya mai shekara ashirin za ta ƙare rayuwarta da mijin da ba ya ci ba ya haihuwa ba ya tsufa, iyayenta za su yarda? In ya warware, to zai zauna a gari ɗaya yana kallo a ɗaura mata aure da wani, wataƙila ma da ƙanenshi. Ka je ka zauna da malamin fiƙihu na unguwarku ka tambaye shi hukuncin mutumin da ya ɓace. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace ana yanka mata shekara huɗu na jira sannan ta yi idda, kuma malamai sun tattauna abin da za a yi in ya bayyana bayan ta yi wani aure. Ba cewa na yi ka kwafe hukuncin shari'a ka manna wa ƙasar ƙage ba, abin da za ka koya shi ne yadda malamai ke bin mas'ala reshe-reshe har sai sun rufe kowace ƙofa. Haka alƙalan duniyarka ya kamata su yi tunani.

Sai gado. Mun san tsari: a yi jana'iza, a biya bashi, a fidda wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba, mata ta ɗauki tumuni in akwai ɗiya. To an riga an raba gona, babban ɗa ya saida rabonshi ya sayi amalanke, sai ga uba a tsaye. Gonar ta wa ce? In dokar ƙasarka ta ce matacce ba ya mallaka, to duk Saurawa matalauta ne ranar farko, dole su koma wurin ƴan uwansu matattu su nemi mafaka, kuma ta haka unguwarsu za ta kafu a bayan gari ba sai ka ƙirƙiri wani dalili ba. In doka ta ce yana mallaka, to magada za su riƙa ƙona gawa ko su jefa ta gulbi kafin daren bakwai don kar ta tashi, kuma kana da laifi sabo da alƙali zai riƙa shari'arshi. Zaɓi ɗaya. Ni na fi son na farko domin ya fi ciwo, kuma a ganina marubucin da ya zaɓi na biyu yakan ƙare da labarin ƴan sanda.

Sai mai amanar. Shi ya san kayanshi na hannun Basaure, ya kuma san ranar da ya karɓa ya kashe shi. In abokinshi ne na ƙuruciya zai karɓa? In maraya ne da ke kwana da yunwa fa? Akwai wanda zai ƙi karɓa don tausayi, akwai wanda zai ƙi karɓa don mugunta ya bar mutum yana yawo shekara ɗari. Akwai uwa da za ta je ta durƙusa wa mai kaya ta ce don Allah ka ƙyale min ɗana ko da a haka ne. In ka rubuta wanga fage da kyau ba ka buƙatar yaƙi ko ɗaya a babi goma na farko.

Kada ka manta ƙananan abubuwa, su ne ke sa mai karatu ya yarda. Ana gaishe shi da ina kwana alhali ba ya barci? Ɗiyarshi ƙarama tana gudunshi ko tana hawa cinyarshi? In ya shigo fada ana shayi, mai dafawa zai miƙa mishi kofi don kara ko zai tsallake shi, kuma wanne ya fi zafi a ranshi? Surukinshi har yanzu yana cire takalmi in zai wuce shi? Cika shafi biyar da irin waɗannan kafin ka rubuta jimla ɗaya ta labarin.

Sarauta ma ta shiga nan. A masarautar Katsinan Maradi, wadda Ɗan Kasawa ya kafa wajajen 1819 bayan jihadi ya fidda sarakunan Haɓe daga Birnin Katsina, akwai manya huɗu masu zaɓen sarki: Galadima, Ƙaura, Durbi da Ƴandaka. Ari wanga tsari ka sauya sunaye. Sarauta amana ce, kenan sarki a ƙasarka kusan dole ya tashi. Masu zaɓe sun naɗa sabo, an buga tambari, daren bakwai tsohon ya dawo. Dogarai wa za su bi? Tarihinmu cike yake da gidan sarauta da ya rabu biyu kowa ya kafa garinshi, Gobirawa ma Tsibiri suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Karanta irin waɗannan ka ga yadda mutane ke rabuwa da gaske, wa ke bin wa kuma saboda mi.

Mazauninsu kada ka wahalar da kanka. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon garin Maradi da ke kwari aka hau tudu aka sake gini. Garin da masu rai suka tashi suka bari, shi ne wurin da ya dace da matattu, sai dai naka ka sa fari ne ya kore su, tunda Saurawa ba sa shiri da laima. Rijiyoyi sun ƙafe, masu rai sun yi gaba, su kuma ba ruwansu da ruwa.

Suna: gajere, mai tilo da jam'i, wanda baki zai iya faɗi. Ka kuma ba su suna na biyu na zagi da masu rai ke kiransu da shi a bayan ido. Rarrabuwa a cikinsu dole ce, aƙalla masu cewa a isar da amana a huta da masu cewa a zauna, in ka sa duk ra'ayinsu ɗaya ka koma wa gawa mai gurnani. Yawansu ya zama kaɗan, ɗaruruwa a ƙasa guda.

Wajen rubutawa, kada ka buɗe da bayanin dokoki, shafi uku na tarihin Saurawa ba mai karanta shi a waya. Buɗe da mutum ɗaya a ƙofar gidanshi, dokokin su riƙa fitowa ta bakin alƙali da kishiya da mai bin bashi. Babi ya zama gajere yadda za a karanta kafin shayi na biyu ya nuna. Kafin ka tura a gurup, ba wa mutum ɗaya da bai taɓa jin tsarin ba ya karanta babi uku, sannan ka tambaye shi wa ke tashi, me ke raya su, me ke kashe su. In ya kasa amsa ɗaya, koma kayenka ka nemo fagen da zai nuna wannan dokar ka saka shi a babi na biyu.