Tattakin neman taimako: kurakuran da abokai suka fi yi wajen atisaye

Tun 2015, lokacin da wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 don murnar sakamakon zaɓe, tattaki ya shiga ran matasanmu. Yanzu abin ya wuce siyasa. Za ka ga abokai bakwai ko goma a wani ƙauye na ƙasar Gumel ko Gaya sun yi shawarar takawa har Dutse ko Kano, don a tara kuɗin ɗinkin sallar marayu ko gyaran rijiyar burtsatsen gari. Aikin lada ne, kuma ina son in ga ya ɗore. Abin da ke ci mini rai shi ne a tashi mutum goma, a isa da huɗu a ƙafa, sauran suna kwance a bayan a-kori-kura. Yawanci ba ranar tafiyar aka yi kuskuren ba, tun a makonnin shiri ne.

Babban kuskure shi ne maganar nan da kowa ke yi: "Mu 'yan ƙauye ne, tafiya baƙuwarmu ce?" Gaskiya ne wanda ya saba zuwa gona da kasuwa a ƙafa ya fi ɗan birni juriya. Amma zuwa gona kilomita huɗu ne ko biyar, ka zauna, ka dawo. Mutum mai lafiya yana cin kusan kilomita 5 a awa ɗaya a kan hanya mai tauri. Daga Wudil zuwa Kano kusan kilomita 40 ne, wato awa takwas kana ɗaga ƙafa, ban da hutu da salla da cin abinci. In kuma hanyar rairayi ce irin ta arewacin Jigawa, inda ƙafa ke nutsewa, sai ka ƙara lokaci. Gyaran shi ne a ba shiri kamar wata uku. A fara da kilomita 6 zuwa 8, sau uku a mako, a ware rana ɗaya ta doguwar tafiya, a riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan. Kada a yi kilomita 10 yau, mako mai zuwa a ce sai 25. In tattakin na kwana biyu ne ko uku, dole a gwada doguwar tafiya kwana biyu a jere, domin ciwon gaske da safiyar rana ta biyu yake zuwa, lokacin da cinya ta ɗaure, tafin ƙafa ya ƙi taka ƙasa. Kwana goman ƙarshe kuwa na rage tafiya ne da samun barci, ba na rama abin da aka yi sakaci da shi ba.

Sai batun da ke raba abokai, gasa. A kowace tawaga akwai mai dogon taku wanda ke son a san ya fi kowa, akwai kuma wanda ke baya yana haki, kunya ta hana shi cewa a jira shi. In aka tambaye shi sai ya ce "ba komai, yaya, mu je." Akwai komai. Shi ne zai faɗi ranar tattakin, kuma faɗuwarsa ta kowa ce, tunda da sunan ku duka aka karɓi kuɗin mutane. Ku sa mafi rauni a gaba, shi ya yanka taku, mafi ƙarfi ya zama na ƙarshe yana kula da kowa. Gwajin yana da sauƙi: in mutum ba ya iya hira yana tafe sai numfashi ya katse masa magana, saurin ya yi yawa. Ku tsaya minti goma bayan kowace awa, ko da ba wanda ya ce ya gaji. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙafa ita ce jarin tafiyar, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Wasu suna atisaye da silifa, sai ana gobe tafiya su sayo sabon kambas don a fito a hoto. Sabon takalmi bai san ƙafarka ba, kafin azahar ya yi maka bororo a dunduniya da ƙaramin yatsa. Takalmin da za a yi tattaki da shi, da shi ake atisaye tun makon farko, kuma ya ɗan fi ƙafar girma saboda tana kumbura a doguwar tafiya. A yanke farce. A riƙe safa biyu ko uku ana canjawa. Ga wani abu da ya shafe mu musamman: alwala. Mutum ya wanke ƙafa don azahar, ya zura safa ƙafar na jiƙe, rairayi ya maƙale tsakanin yatsu. Fata mai laima ta fi saurin salewa, ƙwayar rairayi ɗaya kuma ta isa ta huda ta cikin awa guda. A ajiye ɗan tsumma don goge ƙafa, a bar ta ta sha iska, a kakkaɓe takalmi da safa, a cire ƙarangiyar da ta maƙale. Da ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai gari na gaba. In lokacin hunturu ne, a riƙa shafa man kaɗanya a kaushi kowane dare tun kafin ya tsage. Tsakanin cinyoyi da hammata ma suna son man ko basilin.

Zafin rana ba abin gwada jarumta ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano da Jigawa yakan haura digiri 40. A fita bayan sallar asuba, a nemi inuwa kafin sha ɗaya, a ci gaba bayan la'asar, da malafa da tufa mai haske. Wajen ruwa kuskure biyu ake yi. Wani ba ya sha sai ƙishi ya kama shi sosai, wani kuma yana ta ɗura ruwa zalla alhali gumi ya kwashe masa gishirin jiki, sai jiri da ciwon kai da murɗewar nama. A riƙa kurɓa a kai a kai, a haɗa da ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiya-wata guda biyu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari ya yi ja ko ya ɗauke, alama ce ruwa ya yi ƙaranci. In wani ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau, tafiyarsa ta ƙare a nan. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti.

Ina roƙonku, ku rabu da ƙwaya. Akwai masu haɗiyar tramadol ko diclofenac ko ibuprofen tun da safe wai don kada su ji gajiya. Maganin ciwo yana ɓoye raunin da ya kamata ya tsayar da kai, kuma irin su diclofenac da ibuprofen suna cutar da ƙoda in jiki ba ruwa. Mai sikila, mai hawan jini da mai ciwon suga su ga likita kafin su sa suna. In bai dace su taka ba, akwai riƙe littafin kuɗi, akwai bin tawaga a babur da jarkar ruwa, duk aikin ne. Abinci kuwa a ci wanda ciki ya sani, fura, dabino, gyaɗa, gurasa, kuma a gwada shi tun a atisaye. In shirin ya faɗo cikin azumi, a rage nisa a mayar da shi bayan tarawi.

A kan kwalta ku bi gefen hagu kuna fuskantar motoci masu zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba ku jeru kuna hira a tsakiyar titi ba. Ku duba ranakun kasuwa: hanyar Maigatari ranar Alhamis, ta Wudil ranar Juma'a, ta Dambatta ranar Lahadi, duk cike suke da manyan motocin shanu.

Kuskuren da ba a cika lissafa shi ba shi ne na amana. Kafin a fara, ku je wajen mai unguwa da dagaci ku faɗi manufarku, ku nemi takardar da za ku nuna wa masu garuruwan da za ku kwana, ku sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri. Mutum biyu su riƙe kuɗi, a rubuta kowace naira da sunan wanda ya bayar. Kuɗin takalmi da ruwa da man babur ku haɗa shi daga aljihunku tun farko, a littafi daban, kada ya taɓa na marayu.