Yadda ake kafa asusun ajiya da rance a unguwa

Masu fafutukar yaƙi da talauci sukan tsaya jiran tallafi daga sama, alhali akwai tsarin da mata ashirin za su fara da kuɗin cefanensu. A Maraɗi aka fara shi a 1991, lokacin da ƙungiyar agaji ta CARE ta kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu cikin ƙasashen Afirka. Bambancinsa da adashi shi ne ba a jiran ranar kwasa. Wadda buƙata ta taso mata, sai ta ranta ta mayar.

A fara da mutum 15 zuwa 25 waɗanda suka san juna, su kuma za su zaɓi junansu da kansu. Kada kansila ko mai ba da tallafi ya kawo jerin sunaye, don duk wadda aka cusa za ta ɗauki kuɗin a matsayin rabon gwamnati. A sanar da mai unguwa, matan aure kuma su nemi yardar mazajensu tun farko.

Shugabanni biyar ne: shugaba, mai rubutu, mai ajiye akwati, da masu ƙirga kuɗi biyu. A sa maƙeri ya yi akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, a raba makullan ga mutum uku da ba sa cikin shugabannin, ba kuma 'yan gida ɗaya ba. Mai akwati ba ta riƙe makulli ko ɗaya.

Zubi mako-mako ne. A yanka kuɗin kaso ɗaya daidai ƙarfin wadda ta fi kowa rauni, misali naira 500, kowa ta sayi kaso ɗaya zuwa biyar. Iyakar biyar ɗin ita ke hana mai hali ta mamaye asusun. Kowane kaso a buga hatimi ɗaya a katin mai shi, ta yadda wadda ba ta yi boko ba za ta iya ƙirga nata. A ware ɗan kuɗin taimako, ko naira 100 ce, a jaka daban domin rashin lafiya, haihuwa ko rasuwa. Wannan kyauta ake bayarwa, ba a haɗa shi da kuɗin rance.

Bayan 'yan makonni sai a buɗe rance. Kada ya wuce ninki uku na abin da mutum ta tara, wato mai dubu goma iyakarta dubu talatin, a biya cikin wata uku. Ta faɗi a gaban kowa abin da za ta yi da shi, ƙuli-ƙuli ne, awara ce ko kiwon tunkiya. A wasu ƙasashe ana ɗora kuɗin ruwa, amma a Katsina da Daura wannan kaɗai ya isa ya watsa ƙungiya. A ba da rancen ba ƙari. In ana son riba, ƙungiya ta sayi kayan da kanta, kamar buhun gyaɗa, ta sayar wa mamba bashi a kan farashin da aka yanke tun farko. A kai tsarin gaban malamin unguwa kafin a soma.

Yawancin ɓarna daga sirri take farawa. Wata ta biyo dare gidan shugaba tana kuka, a ba ta kuɗi a boye, gobe wata ta ji. Don haka ba a buɗe akwati sai a taro, a ƙirga kuɗi da ƙarfi, a faɗi jimillar kafin a rufe, mako mai zuwa kuma a tambayi mambobi nawa aka bari. Ba a ranta wa wanda ba mamba ba, ko mijin shugaba ne. Kuɗi kuma kada su taru a akwati, ga ɓarayi ga tsadar kaya da ke cinye darajarsu. Abin da ba a ranta ba a sayi gero ko wake da kaka, a zuba waken a buhu mai leda biyu saboda ƙwari, a sayar da bazara.

Bayan wata tara zuwa shekara sai a karɓo duk bashi a yi rabo. A raba jimillar kuɗin da yawan hatimin kowa da kowa. Idan hatimi 2,000 ne, kuɗi kuma naira 1,100,000, kowane hatimi ya tashi 550, mai hatimi ɗari ta tafi da 55,000. A daidaita ranar rabon ta faɗo gab da damina, lokacin da ake neman kuɗin iri da taki.