Matakan Neman Kamfanin Inshorar Lafiya Ya Maido Maka da Kuɗin Magani

Da farko, kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar asibitin ya karɓo lambar amincewa daga kamfanin inshorarka, domin da rashinta kamfanoni kan kafa hujja su hana mutum kuɗinsa, ko da cikin dare ne ciwon ya taso.

Na biyu, idan aka ce maganin ya ƙare a asibiti, kada ka fita saye sai an rubuta hakan a jikin takardar likita an buga hatimi. A kantin magani kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka, kwanan wata da farashin kowane magani daki-daki, domin rasit mai jimilla kaɗai sau da yawa watsi ake yi da shi. A ganina rashin tausayi ne a ɗora wa majinyaci wannan zirga-zirga, amma ba a biya sai da takardun.

Na uku, ka yi kwafin komai, ka haɗa da wasiƙa mai lambar rajistarka, ka kai wa kamfanin inshorar, sannan wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafinka.

Idan aka yi maka shiru, ka kai ƙorafi ofishin da ke jiharka na hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, wato NHIA, wadda dokar 2022 ta ɗora wa alhakin sa ido kan waɗannan kamfanoni.